Ranar da Na Kira Hamman Gaban Ubansa

Jimeta

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin isa Maiduguri lafiya, Ya tsare ki a gida da hanya, Ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, Ya sauƙaƙa miki baƙunta. Ki gaishe mini da maigidanki.

Labarin gida ba zan ba ki ba, ƙannenki sun fi ni iya wannan, kuma za su rubuto. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da kika yi a tasha kina gyara ƙullin kayanki, cewa in kin zauna za ki riƙa karɓar 'yan firamare da yamma kina yi musu lesin na Turanci. Na ce miki to, mota ta tashi. Ga sauran maganar.

Aikin za ki same shi. Tun da aka yi jihohi aka kai hedkwata can, garin ya cika da ma'aikata, kowa kuma so yake ɗansa ya yi Turanci kamar rediyo. Amma sanin Turanci daban, shiga gidan mutane da shi daban. Ni na yi wannan sana'a tun kina goye, kuma na yi ta da kyau, har yau in na ratsa kasuwar Jimeta sai ka ga ƙato da gemu ya rusuna yana cewa Malama. Duk da haka akwai yaron da na kusa raba shi da makaranta gaba ɗaya, da bakina, don tsabar ƙwazo. Labarinsa nake so ki riƙe.

Kafin shi, bari in rage miki hanya da ƙaramin kuskure. Da na fara, ni ke yin lesin ɗin, yara suna kallo. In jera su a tabarma a tsakar gidanmu, in buɗe baki in yi ta zuba Turanci ina jin daɗin muryata, su kuwa suna gyaɗa kai. Wata rana Malama Rahila, maƙwabciyarmu 'yar wajen Numan da muke koyarwa a makaranta ɗaya, ta leƙo ta katanga ta ce tun la'asar take saurare, Turancina ya ƙaru ƙwarai, saura na yaran. Na yi fushi, na kwana biyu ina amsa gaisuwarta a daƙile, amma gaskiya ta faɗa. In aka tashi lesin ke ce kika gaji, to ke kika yi karatu. Bakin yaro ne ya kamata ya bushe. Ki yi tambaya ki yi shiru, ki jira, ko da shirun ya yi tsawo har ya dame ki. Bulala kuma kada ta shigo gidanki, yaron da ya sha ta da safe ba zai buɗe baki da yamma don a ƙara masa ba.

To, Hamman. Shekarar da aka sami mulkin kai ne. Ubansa, Malam Sa'adu, ma'aikacin gwamnati ne a Yola, gidansa a unguwar Bako, Bafulatani na sosai, irin waɗanda ko ƙishirwa ba sa nunawa a gaban mutane. A wajen babanki yake ɗinki, kuma ta bakin babanki saƙon ya iso mini: wai akwai wani yaro a gidansa da ya maimaita aji, ana so a duba shi. Wani yaro, haka ya ce. Sai daga baya na san ɗansa ne na fari. Sharaɗin kuwa a fili yake. Jarrabawar shiga sakandare na tafe, bayanta akwai intabiyu, inda ake zaunar da yaro gaban manya su yi masa tambayoyi da Turanci. In ya ci ya wuce. In bai ci ba, a kai shi ƙauyen Mbamba gonar bappansa, ƙanen uban, a rufe maganar boko.

In na tashi daga makaranta sai in ci abinci a tsaye, in hau kiya-kiya, 'yar motar hayar nan, zuwa Yola. Na sami yaro siriri mai tsabta, kansa kullum a ƙasa. A makarantarsu sun riga sun yanke masa hukunci, wai daƙiƙi ne. Ni ma na kusa yarda, don in na tambaye shi sai ya dubi yatsun ƙafarsa. Sai na yi tunanin da malamai ba sa tsayawa su yi. Yaron nan da Fillanci ya tashi, Hausa a titi ya tsince ta, Turanci shi ne na uku a layi. Wanda ke riƙe da harshe biyu yana neman na uku ai ba daƙiƙi ba ne. Can ma haka za ki tarar, yaro da Barbarci a gida da Hausa a kasuwa, saboda haka kada ki auna hankalinsa da saurin amsarsa.

Na ajiye littafi. Na gaya masa ni asalina Kano, fatauci ne ya kawo kakana Jimeta, Fillancina abin dariya ne, ya taimake ni. Muka shiga musaya. Ya nuna turmi ya faɗa mini da Fillanci, in faɗa masa da Turanci. In na karya nasa ya gyara mini, yana rufe baki yana dariya. Yaron da ya gyara wa malama ba ya tsoron malama ta gyara masa. Daga turmi muka koma ɗan maraƙin da ke ɗaure a bayan gida, daga maraƙi muka koma yadda kogi ke cika da damina har jiragen ruwa su iso Jimeta. Ba a yi nisa ba yaron nan yana ba ni labari da Turanci, magana na bin magana, har yana yi mini gardama. Wannan dabara ki ɗauka, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Abin da ya dame ni shi ne mutanen gidan. Kullum in zan tafi sai in tsaya wajen uwarsa, Adda Dija, in ce yau Hamman ya yi kaza, yau Hamman ya karanta shafi guda bai yi tuntuɓe ba. Sai ta ce Allah Ya saka da alheri, ta tambaye ni ko an yi ruwa a Jimeta. Sunansa ban taɓa ji a bakinta ba, sai dai "wancan". Uban kuwa in ya shigo ya same mu, ni zai gaisar, ya wuce ta gefen yaron kamar ya wuce randa. Raina ya yi ta ɓaci. Ina cewa a zuciyata, yaro irin wannan a gidan da ba a san darajarsa ba. Ki lura fa, ni 'yar Hausa ce, na san kunyar ɗan fari sarai. Amma na yi kwaleji, an koya mana cewa yabo ne abincin yaro, littafi ya hau kaina har ya rufe mini abin da na tashi a cikinsa.

Ga kuma intabiyu yana hana ni sukuni. A gabana yana magana, to gaban manya fa? Sai na ƙudurta zan gwada shi a cikin taro, ya saba da idon manya, iyayen kuma su ga abin da Allah Ya ba su.

Washegarin Babbar Sallah na je yi musu barka. Zaure cike, abokan aikin Malam Sa'adu da dattawan unguwa, an sha manyan riguna. Mace mai hankali sai ta rusuna ta gaisar ta shige ciki. Ni kuwa na gaisar, na tsaya, na ƙwala wa Hamman kira. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Na ce masa da Turanci ya gaya wa babansa yadda aka yi layya jiya. Shiru. Na maimaita. Tsakar kansa kawai nake gani. Maimakon in ja bakina, sai na juya ga uban da muryar aji, na ce:

"Malam, ɗanka ne fa. Duk Yola babu yaro kamarsa. Ka ce masa wani abu mana, ka yaba masa ko sau ɗaya."

Wani tsoho ya shiga jan carbi, wani ya dubi rufi. Malam Sa'adu bai ɗaga murya ba, bai ko ɓata fuska ba. Ya ce, "Malama, an gode. A shiga ciki a sha ruwa." Na shiga ina ganin na yi abin kirki.

Da na koma ranar lesin, Adda Dija ta shimfiɗa mini tabarma kamar kullum, ta kawo ruwa, sannan ta ce wancan ɗin yana Mbamba. Na tambayi ranar dawowarsa, ta ce ba a faɗa ba. Muryarta ba ta canza ba, amma idanunta sun yi ja.

Na dawo gida ina tafasa. Na sami babanki a kan keken ɗinki na zazzage masa, mugunta, jahilci, babu abin da ban kira ba. Ya bar ni na gama, bai daina taka keke ba. Sannan ya nuna ki da haɓa, kina zaune a ƙofa kina wasa da ƙyallaye, ya ce in wata ta tsaya gaban dangina ranar Sallah ta ce in yabi wannan, yaya zan yi? Ya ce shi dai tun da aka haife ki bai ji sunanki a bakina ba.

Shi ya warware mini sauran. Mutanen zauren nan za su fita suna cewa Sa'adu ya ɗauko malama daga Jimeta ta zo tana yi wa ɗansa na fari kirari a gaban jama'a. A wajensu wannan rashin kunya ne, kuma hanyar wanke kansa ɗaya ce, ya nuna yaron bai dame shi ba. Mutumin da ya zaga ta bakin tela ya nemo wa ɗansa malama, ni na tilasta masa ya tura shi gona da hannunsa. Garin neman gira na kusa rasa ido. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, don lokacin rubuta sunayen masu jarrabawa ya matso, kuma in aka rufe babu Hamman shi ke nan.

Ki riƙe wannan da kyau. Duk yaron da aka kawo miki, kafin ki buɗe littafi ki san ko shi wane ne a gidansu. Na fari ne? Wa ke kiran sunansa, wa ke kauce masa? Uwar da kika yaba wa ɗanta ta tambaye ki labarin ruwa, ta ji ki sarai, kada ki maimaita da ƙarfi. Za ki kuma haɗu da masu akasin haka, sababbin ma'aikata da ke kiran yaro ya zo ya yi wa baƙi Turanci kamar aku. Su ma ki lallaba ki hana, don yaron da ya yi tuntuɓe a gaban baƙi yakan daɗe bai sake buɗe baki ba. Ke kanki kada ki taɓa sa shi gaban mutane don a ga aikinki. In za a faɗi gaskiya, rabin abin da na yi a zauren nan don a ce Malama ta iya ne.

Na so in je in ba Malam Sa'adu haƙuri. Babanki ya ce in na sake tayar da maganar fama masa ciwo kawai zan yi. Ya ce ɗan fari ba na uwa da uba ba ne, in nemi mai shi. Mai shi kuwa ita ce kakarsa, uwar Malam Sa'adu, wadda kowa ke kira Nenne, tana zaune a Mbamba wajen ƙaramin ɗanta.

Ranar Asabar na sauka a Yola na taka zuwa Mbamba, da goro da sabulu a ƙulle. Na same ta a gindin tsamiya tana ɓarar gyaɗa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Labarina ya riga ni isa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da irin Hausarta:

"Kai ne malama mai baki? Zauna. Ka iya ɓare gyaɗa, ko sai Turanci?"

Na zauna na ɓare gyaɗa. Ranar ko kalmar makaranta ban furta ba, ita ma ba ta kawo ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na koma, na sake komawa, har yatsuna suka yi kanta. Hamman kuwa sai dai in hango shi daga nesa da fartanya a kafaɗa, in ya gan ni ya kauce. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ranar da ta ga dama, ita ta kira shi. Yaron da ba ya ɗaga kai a Bako ya zo yana tsokanarta, tana ce masa mijin banza da ba ya kawo cefane, yana ce mata tsohuwa mai ci. Ta ce to ya zage ta da yaren Nasara, ta ji ko wahalar malama ta yi amfani. Ya dube ni, na gyaɗa kai, ya fara. Ya ba da labarin yadda akuyarta ta shiga ɗaki ta cinye mata tsaki, ita kuma ta biyo ta da muciya, tiryan-tiryan da Turanci, yana kwaikwayon gudunta. Ko kalma ɗaya ba ta ji ba, bakinsa take kallo. Da ya gama ta ce ita ba ta san abin da ya faɗa ba, amma ta san mai ɗingishi ta san mai tafiya, wannan tafiya yake yi.

Sai a lokacin na yi mata bayanin intabiyu. Na ce tsorona ke nan, za a zaunar da shi gaban manya, in ya sunkuyar da kai ya faɗi. Ta yi dariya har da tari, ta ce wannan ne ya kai ni zauren ɗanta? Ai da ita na tambaya. Ta ce kunya tana da masu ita, waɗancan mutanen ba iyayensa ba ne, ba surukansa ba, ita ta ba shi izini ya dube su. Nan take ta aika aka kira mata tsofaffin maƙwabta, manoma, ta jera su a kan kututture ta ce su ɗaure fuska kamar alƙalai. Ni ina jefo tambaya daga gefe, shi yana amsa musu yana kallon idonsu, in ya sunkuya ta buga sanda a ƙasa. Tsofaffin nan ba su san ko zaginsu ake yi ba, amma sun riƙe aikinsu da gaske, har ɗaya yana gyaɗa kai yana cewa madalla.

Saƙon da ta aika Bako gajere ne. Ba ta ce yaro yana da ƙoƙari ba, ba ta kuma ambaci ranar Sallah ba. Cewa ta yi mijinta bai iya noma ba, yana ɓata mata shuka, a zo a ɗauke shi a rubuta sunansa a jarrabawa ko ta huta. Kin ga yanzu Malam Sa'adu ba son ɗa yake nunawa ba, umarnin uwa yake bi, kuma duk Yola babu mai zarginsa a kan wannan. Washegari da kansa ya je makaranta.

Hamman ya dawo Bako, lesin ya ci gaba a inda muka saba, ranar Asabar kuma mu tafi Mbamba gaban alƙalan Nenne. Takalmana sun ji jiki, ban yi ƙorafi ba, ni na jawo. In zan bar gidan ba na ƙara cewa komai a kansa. Ni ke fara gaya wa Adda Dija an yi ruwa a Jimeta, labarin karatu kuwa sai in adana in kai wa tsohuwa.

A kowane gida akwai wanda aka yarda ya so yaro a fili, kaka, ko goggo, ko kawu. Ki nemo shi tun da wuri. Shi za ki kai wa yabo, shi za ki kai wa ƙara, ta wajensa maganarki za ta isa inda kike so ba tare da ta karya kowa ba. Wannan babu shi a littattafan kwalejinku, na duba.

Hamman ya ci. An gaya mini a intabiyu ya dubi mutanen nan ido cikin ido. Na je Bako na kama bakina, muka gaisa da Adda Dija, muka yi maganar ruwa, muka yi maganar gyaɗa. Da na tashi sai ta rako ni, abin da ba ta taɓa yi ba, ta bi da ni ta bayan zanan da ke kare wurin da muke lesin. A nan na ga wata 'yar kujera, ƙasan wurin ya lotsa don zama. Ta ga na gani. Ta kama hannuna ta matse, ta ce ƙasa-ƙasa da irin tata Hausar:

"Ni ba na jin yaren. Amma muryarsa ya canza, na ji."

Ashe duk watannin nan tana nan. Na yi kuka a cikin kiya-kiya har Jimeta, kwandasta yana tambaya ko rasuwa aka yi mini. Malam Sa'adu kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini maganar ba, sai dai ƙannen Hamman duk ni na koyar da su.

Na san abin da kike tunani yanzu. Ranar da kika zo ta ɗaya a kwaleji kika kawo mini takarda da gudu, na ce ki ajiye ki je ki ɗauraye kwanuka. Na ga fuskarki. Ban kira ki ba, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi, haka aka yi ni. Amma goggonki da ta zo da yamma tana rangaɗa guɗa tun daga bakin titi, kina tsammani wa ya aika mata?

Allah Ya yi miki albarka. Ya sa albarka a bakinki da bakin yaran da za a kawo miki, Ya ba ki haƙurin jiran amsarsu. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya kare gidanki, Ya dawo mana da ke lafiya in lokacin ganin gida ya yi.

Wassalam.

Innarki